Oba-oban Masunci: Ka Saye Shi Don Ranar Da Jirgi Zai Kife

 Makon nan layi ya zo kaina, kuma bakin teku zan kai ku, wurin masu kamun kifi da ɗan jirgin nan da ake kira kayak. Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da kayak. A yi mini haƙuri zuwa ƙarshe, zancen zai biyo ta Kainji.

Kayak ɗan siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa daga mutanen Inuwit ne na yankin ƙanƙara, wato Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda ke ɗinka fatar dabbobin ruwa a kan ƙashi ko itace su fita farauta. Na yanzu na roba ne, tsawonsa mita uku zuwa huɗu, kuma a Amurka da Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu mutane da yawa na hawansa su shiga teku da fatsa. Mutum yana zaune daf da fuskar ruwa, shi kaɗai, ba inji, ba rumfa. Igiyar ruwa ɗaya ta gefe, ko babban kifi ya fizge shi yana leƙe, sai ya tsinci kansa a ruwa. Shi ya sa duk wanda ya daɗe a harkar zai ce maka ka nemi rediyon hannu na teku, irin wanda mu nan muke ce wa oba-oba.

Ra'ayina a kan zaɓen wannan rediyo ɗaya ne. Yawancin masu saye suna zana kansu zaune cikin jirgi, rana ta fito, hannu a bushe, suna hira da aboki a kan inda kifi ya taru. Wannan hoton ne ke ɓatar da su. Rediyon nan ana sayensa ne don wata rana daban: jirgi ya kife, iska tana janye shi, kai kana cikin ruwa zuwa wuya, hannu ɗaya ya riƙe wani abu, ɗayan yana rawa. Duk abin da aka rubuta a jikin kwali, ka auna shi da wannan ranar. Wanda bai amfane ka a lokacin ba, ado ne.

Mu fara da abin da mai shago ke fara nuna maka, wato ƙarfin wat. Zai ce wannan wat biyar ne, wancan wat shida, saboda haka ya fi kai wa nesa, ƙara kuɗi. To, a nan ne nake ganin an fi yaudarar mutane. Rediyon teku yana aiki a zangon VHF, tsakanin megahaz 156 zuwa 162, kuma saƙo a wannan zango kusan miƙe yake tafiya kamar haske. Ba irin gajeren zangon da iyayenmu ke kamo Landan da Jamus da shi ba ne, wanda ke haurawa sama ya dawo ƙasa a wata nahiyar. Shi wannan in doron ƙasa ya lanƙwasa, ya ɓuya ke nan. Abin da ke yanke hukuncin nisa shi ne tsayin eriya, ta mai magana da ta mai saurare.

Waɗanda suka taɓa zama ajin lantarki a poli za su tuna lissafin. Ka ɗauki tushen murabba'in tsayin eriya a mita, ka ninka da kusan huɗu, ka samu nisan da take hangowa a kilomita. Mai kayak yana zaune, eriyarsa ba ta wuce mita ɗaya daga ruwa ba, nasa rabon kilomita huɗu ne. In abokinsa ma haka yake, su biyun za su ji juna a kilomita takwas, a takarda ke nan, ranar da teku ta kwanta. Amma in mai sauraren hasumiya ce mai tsayin mita ɗari a kan tudu, ita kaɗai tana hango kilomita arba'in. Dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sun gina tsarinsu mai suna Rescue 21 ne a kan ya iya jin rediyo mai wat ɗaya tak, daga tsayin mita biyu, har nisan mil ashirin na teku. Ku lura, wat ɗaya. Bambancin wat biyar da shida kuwa, ko a lissafi bai kai ƙarin kashi goma cikin ɗari na nisa ba, a kan ruwa ma bai kai haka ba. Ɗaga hannunka sama da tsayar da eriya a miƙe ya fi maka wannan wat ɗin da ka biya.

Inda ya kamata a tsaya a karanta da kyau shi ne maganar ruwa. Kalmar "ba ya jin ruwa" ba ta da mai ita, kowane kamfani na iya buga ta a kwali. Abin da ke da ma'auni shi ne lambar IP, wadda hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya ta tsara. IPX4 na nufin na'ura tana jure fantsamar ruwa kawai, irin yayyafi. IPX7 na nufin an nutsar da ita zurfin mita ɗaya har minti talatin ta fito da rai. IPX8 ya zarce haka, amma kamfanin ne ke faɗin zurfin da tsawon lokacin, saboda haka sai ka duba me ya rubuta. Harafin X ɗin da ke tsakiya na nuna ba a gwada ta a kan ƙura ba. Ga mai kayak, duk abin da ya gaza IPX7 bai ma shiga sahu ba, tunda ko bai kife ba rediyonsa cikin jiƙa zai wuni.

Sai dai ko IPX7 ɗin akwai abin da ba ya faɗa maka. Gwajin a ruwan daɗi ake yinsa, ruwa mai natsuwa, da sabuwar na'ura. Teku gishiri ce, gishiri kuwa yana cin ƙarfen wurin caji, yana busar da robar da ta toshe kafofi. Rediyon da ya ci gwaji a masana'anta zai iya shan ruwa bayan shekara biyu in ba a ɗauraye shi da ruwan famfo bayan kowace fita, ko in an bar murfin ramin caji a buɗe sau ɗaya. Akwai kuma matsalar lasifika. Da zarar ruwa ya cika ta, murya sai ta koma kamar ta mai magana da bakinsa cikin tulu. Kamfanin Icom na Japan ya sa wa nasa wata dabara da ya kira AquaQuake, lasifikar ta yi gurnani ta watso ruwan waje. Ƙaramin abu ne a ido, amma ni na fi ba shi daraja a kan rabin abubuwan da ake jerawa a talla, domin kiran da aka amsa maka ba ka ji amsar ba, tamkar ba a amsa ba ne.

Rashin shan ruwa daban, rashin nutsewa daban, kuma mutane na yawan haɗa su. Rediyo na iya zama IPX8 ya sulale daga hannunka ya tafi ƙasan teku lafiyarsa lau, yana can yana aiki, kai kana nan. Saboda haka a nemi mai tasowa saman ruwa. Yawancin na yanzu suna da fitila mai walƙiya da ke kunna kanta in ta taɓa ruwa, don a gan shi da dare. Duk da haka ban yarda mutum ya dogara da tasowar ba. Kayak ɗin da ba kowa a kansa iska na tura shi da saurin da mai iyo sanye da rigar kariya ba zai cim masa ba, shi ma rediyon igiyar ruwa ba za ta ajiye maka shi wuri ɗaya ba. Wurin zamansa aljihun rigar kariya ne, ko kafaɗarta, ɗaure da gajeriyar igiya. Gajeriya na ce, domin masunci yana cikin ƙugiyoyi da zare, doguwar igiya wani tarkon ce. Wannan ya sa girman rediyo ya zama abin dubawa tun a shago: ka je da rigarka, ka gwada ko zai shiga aljihun. Wanda ya fi ƙarfin aljihu, ƙarshensa akwatin jirgi, akwatin kuwa tare da jirgin zai tafi.

Akwai labarin da masu kayak ba sa mantawa. A watan Janairun 2007 wani ɗan Ostireliya mai suna Andrew McAuley ya tashi daga Tasmaniya shi kaɗai, da niyyar ƙetare tekun Tasman zuwa Niyuzilan, tafiyar kusan kilomita 1,600. Ya yi kusan wata guda a kan ruwa. Ranar 9 ga Fabrairu, saura kaɗan ya isa, masu ceto a Niyuzilan suka kama wani kira ta rediyon VHF. Muryar ta zo a cakuɗe, tana yankewa, ba a gane nan take wane ne ba, ba a kuma san daga ina yake magana ba. Washegari aka ga jirginsa a kife, kimanin kilomita 56 daga inda ya nufa. Shi ba a gan shi ba har yau. Ba masunci ba ne, kuma abin da ya tunkara ya fi ƙarfin fitar asuba ta mai fatsa nesa ba kusa ba. Amma abin da ya faru da kiransa zai iya faruwa da kowa: murya ta isa, wuri bai isa ba.

Wannan giɓin ne jan maɓallin DSC ya zo ya cike, kuma shi ne abu ɗaya da nake ganin ya cancanci ƙarin kuɗi. A bayan rediyon ko gefensa akwai ɗan murfi, ƙarƙashinsa jan maɓalli. In ka danna ka riƙe na 'yan daƙiƙu, rediyon zai aika saƙon lambobi ta tasha ta 70, ɗauke da lambar shaidarka da inda kake daidai, in yana da GPS a cikinsa. Duk jirgin da ke kusa mai irin wannan na'ura, da tashar masu ceto, ƙararrawa za ta kaɗa musu. Zai kuma ci gaba da maimaitawa da kansa duk bayan kamar minti huɗu har sai an amsa. Tsarin wani ɓangare ne na yarjejeniyar neman agaji a teku ta duniya, GMDSS, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a 1999. Saƙon lambobi yakan ratsa inda murya ta gaza, kuma ba ya buƙatar ka natsu ka karanto lambobin wuri kana haɗiyar ruwa.

Maganar natsuwa ba ƙarama ba ce a ƙasashen sanyi. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya shahara da ƙa'idar da yake koyarwa ta ɗaya, goma, ɗaya: wanda ya faɗa ruwa mai tsananin sanyi yana da kamar minti ɗaya na kokawa da numfashi, minti goma da hannuwansa za su yi masa biyayya, sannan kamar awa ɗaya kafin sanyi ya sumar da shi. Minti goma. Yanzu ka ɗauki rediyo mai ƙananan maɓallai ashirin da jerin zaɓuɓɓuka cikin zaɓuɓɓuka, ka ba mutumin da yatsunsa suka fara sandarewa. Manyan maɓallai, allo mai haske da ake iya karantawa a rana, da maɓalli guda mai kai ka tasha ta 16 kai tsaye, su ne ƙawar rediyon kirki.

Amma fa jan maɓallin nan ba ya aiki sai an shigar masa da lambar MMSI, lamba ce mai alƙaluma tara da ake samu bayan rajista, kamar lambar waya ce ta jirgi. Mutane kan sayi rediyo mai tsada su jefa a aljihu ba su yi rajistar ba, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A yi hattara wajen shigar da ita ma, domin yawancin rediyoyin sau ɗaya suke ba ka dama, in ka yi kuskure sai an mayar wa dillali ya goge. Dokar kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka tun 1996 mai ƙaramin jirgin shaƙatawa ba ya buƙatar lasisi muddin yana cikin ruwan ƙasar. A Ingila sai ka karɓi lasisin na'urar daga hukumar Ofcom, kai kanka kuma ka yi ɗan kwas ka ci jarrabawa. Ni tsarin Ingila ya fi kwanta mini, don kuwa tasha ta 16, mai megahaz 156.8, ta kowa ce, kuma mutum ɗaya da ya zauna a kan maɓallin magana bai sani ba zai iya toshe ta ga duk wanda ke kusa.

Tunda cikin masu son kalmomi nake, ga wata 'yar tsaraba. Kalmar Mayday da ake faɗa sau uku in rai na cikin haɗari ba ta da alaƙa da watan Mayu. Wani jami'in rediyo a filin jirgin saman Kuroidon kusa da Landan, Frederick Mockford, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1920, daga lafazin Faransanci mai nufin a taimake ni, saboda yawancin jiragen da ke sauka wurinsu daga Faris suke. Ƙanwarta Pan-Pan, wadda ake faɗa in matsala ta taso amma ba ta kai ga rai ba, ita ma daga kalmar Faransanci ce ta lalacewar inji.

Batir ba zan daɗe a kansa ba. In an rubuta awa goma ko goma sha biyu, lissafin an yi shi ne a kan kashi biyar cikin ɗari magana, kashi biyar saurare, kashi casa'in jira. Mai surutu ba zai ga awannin nan ba, sanyi ma yana rage su. Mai GPS da DSC ya fi cin wuta, ya fi girma, wannan ne kuɗin da ake biya bayan na shago.

Nasan hujjar da za a kawo mini, domin ita ce ta farko a bakin kowa: ai ina da waya, in sa ta a leda mai zif shi ke nan. Waya tana da amfaninta, a tafi da ita. Sai dai waya mutum ɗaya take kira, wanda ka san lambarsa. Jirgin masuntan da ke nesa da kai da kilomita ɗaya, wanda zai iya tsamo ka cikin minti biyar, ba ka da lambarsa, amma yana sauraren tasha ta 16. Gilashin waya in ya jiƙe ba ya jin yatsa. Sabis yana ƙarewa inda dogayen eriyoyin kamfani suka daina hangowa, su kuwa garuruwa aka kafa su su kalla. Sannan masu ceto suna da na'urar da ke bin saƙon VHF ta nuna musu ta inda ya fito. Wanda ke su a ƙarƙashin duwatsu masu tsayi ko lungun da babu hasumiya, shi ko rediyon bai ishe shi ba, sai ya haɗa da 'yar na'urar PLB mai aika kuka ta tauraron ɗan'adam a megahaz 406, ko da yake ita ba a magana da ita.

Hujja ta biyu ita ce araha. Kasuwa cike take da ƙananan oba-oba irin su Baofeng UV-5R, waɗanda za a iya murɗa su su hau zangon teku, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Ba a ƙera wannan samfurin don nutsewa ba, ba ya tasowa, ba shi da jan maɓalli, kuma hukumomin ƙasashen da muke magana ba su amince da shi a matsayin rediyon teku ba. Araha ba ta ado. Wanda aljihunsa bai kai ga irin Standard Horizon HX890 ko Icom IC-M94D masu DSC da GPS ba, gara ya sayi mai sauƙi irin IC-M25, wanda ke tasowa kuma yake da IPX7, ya koyi faɗin inda yake da baki, ya ɗaure shi a ƙirji.

Yanzu mu dawo gida, kamar yadda na yi alkawari. Mu ba mu da kayak, amma muna da mutum ɗaya cikin ƙaramin kwale-kwale a tsakiyar ruwa mai faɗi. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma Sarkawa da sauran masunta daga Yawuri zuwa ƙasa a kansa suke ci. Haka masuntan Tafkin Cadi. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a kusa da Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da mutane fiye da ɗari a ciki ba, ko na Ɓagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban shekarar, wanda yawancin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Ba zan ce rediyo zai hana irin wannan ba, lodi fiye da kima da tsufan jirgi da rashin rigar kariya ba rediyo ke maganinsu ba. Abin da yake yi shi ne rage tazarar da ke tsakanin kifewa da isowar jirgi na farko, a ruwa kuwa wannan tazarar da mintuna ake ƙirga ta.

Sai dai duk abin da na faɗa a sama ya ratayu ne a kan abu ɗaya da Ba'amurke ba ya ko tunaninsa, saboda an riga an tanadar masa: akwai mai saurare. Cibiyar ceto ta teku da ke Legas ba za ta ji oba-oba daga Kainji ba, lissafin eriyar nan ya riga ya gaya mana. Masuncin da ya sayi rediyo mafi tsada a duniya ya danna jan maɓalli a tsakiyar tafkin, in babu wata na'ura a kunne kusa da shi, da iska ya yi magana. A irin wannan wuri, yau, wayar da ke cikin leda ta fi masa amfani in akwai sabis. Shi ya sa nake ganin a wurinmu zaɓen ba daga aljihun masunci zai fara ba, daga bakin ruwa zai fara. Kowace babbar tashar jiragen ruwa tana da Sarkin Ruwa, tana da ƙungiyar masu jirage da ke karɓar kuɗin shiga kullum. Rediyo guda na girke mai wat 25, da faifan sola da batir, da eriya a kan ƙarfe mai tsayin mita goma sha biyar, zai ji mai kwale-kwale daga nisan kusan kilomita ashirin. A nemi izinin zango daga hukumomin sadarwa, a raba wa matasan tasha kwanan saurare, a tsayar da tasha guda da kowa ya sani. Daga nan ne masunta biyar ko goma da ke fita tare za su iya haɗa kuɗi su sayi na hannu guda ɗaya mai IPX7, a ɗaura wa wanda ya fi yin nisa.